Marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Daga Majalisar Sarkin Bauchi Zuwa Kujerar Firayim Minista

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira biyar ya san fuskar marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ko ɗan firamare aka tambaya zai ce shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda har yau ba a sake yin wani ba bayansa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne shekarun da ya yi yana aikin En'e a Bauchi, yana zama a majalisar Sarki, yana kuma kai da kawowa tsakanin wannan majalisa da ƙungiyoyin 'yan boko da ke wajenta. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wannan ɓangare na rayuwarsa, musamman saboda 'yan uwa mazauna Legas da Kaduna da Kano da Abuja, waɗanda duk lokacin da suka tara gudunmawar gina aji ko haƙa rijiya a gida, sai sun bi ta hannun kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Ita wannan kujera ta kansila tana da tarihi, kuma ɗan ƙasar Bauchi na cikin waɗanda suka share mata fage.

An haifi Abubakar a shekarar 1912. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala bawan sarauta ne mai hidima a gidan Ajiyan Bauchi, hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ke nan bai fito daga gidan sarauta ba, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin a cikin manyan 'yan siyasar Arewa na zamaninsa yana cikin 'yan ƙalilan da ba su taɓa riƙe wata sarauta ta gargajiya ba. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar elementare a Tafawa Ɓalewa, daga nan aka kawo shi makarantar lardi a cikin garin Bauchi. A 1928 ya samu shiga Kwalejin Katsina, inda a wancan lokaci ake horar da malaman makarantun Arewa, ya gama a 1933. A wannan shekara ce Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, shi kuma ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934 tare da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara.

Da ya dawo gida sai aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, ya yi ta hawa har ya zama hedimasta. Ita wannan makaranta ta lardi ce baki ɗaya, saboda haka yaran da ke gabansa sun fito ne daga Katagum da Misau da Jama'are da Gombe da sauran ƙasashen lardin, kowanne En'ensa ce ta turo shi. Tun daga nan Malam Abubakar ya fara sanin yadda hukumomi dabam-dabam ke haɗa kai a kan abin da ɗaya ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba.

Kafin a fahimci abin da ya yi daga baya, dole a san yadda mulkin En'e yake a wancan zamani. A tsarin da Turawan mulkin mallaka suka kafa, a manyan masarautu Sarki shi kaɗai shi ne En'e a idon doka. Yana da 'yan majalisa, amma shawara kawai suke bayarwa, in ya ga dama ya ɗauka, in bai ga dama ba ya bari, kuma babu wanda zai tanka masa sai Razdan. A ƙarƙashin Sarki akwai hakimai da dagatai da masu unguwa, su ke tara haraji da jangali su kai baitulmali. Daga wannan baitulmali ake biyan alƙalai da 'yan doka da gandurobobi da malaman makaranta da malaman asibiti, a gyara hanyoyi da kasuwanni. Talaka da ke biyan kuɗin ba shi da wakili ko ɗaya a wurin da ake yanke yadda za a kashe su. 'Yan bokon da makarantun Midil da Kwaleji suka yaye kuwa mafi yawansu ma'aikatan En'e ne, wanda ya cika surutu ana iya cilla shi wani ƙauye mai nisa.

A cikin wannan hali ne, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Bauchi ta zama wurin da 'yan boko suka fara buɗe baki. Malam Aminu Kano ya zo koyarwa a Makarantar Midil, Malam Sa'adu Zungur ya dawo gida daga Zariya, suka tarar da Malam Abubakar. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi da yardar jami'an lardi da ta Sarki Yakubu na Uku. Ana haɗuwa a zaɓi batu a yi muhawara a kansa, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawa duk a zaure ɗaya. Da farko an ɗauka za a tsaya ne a kan abubuwan da ba su taɓa kowa ba, amma ba a daɗe ba muhawara ta kai ga shi kansa mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har aka taɓo maganar albashin sarakuna. Daga nan hukuma ta ga abin ya wuce yadda take so, majalisar ta watse. Zungur da Aminu sun kuma kafa wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauchi wadda ba ta ƙarƙashin kulawar kowa, kuma masana tarihi na lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A nan ne halayen mutanen nan uku suka bambanta. Zungur mai kaifin harshe ne, ba ya rufa wa kowa. Aminu matashi ne mai ganin cewa tsarin ya ruɓe tun daga tushe. Malam Abubakar ya yarda da yawancin koke-kokensu, sai dai yana ganin gyara zai fi ɗorewa idan aka yi shi daga ciki, da sannu, ba tare da an tozarta sarakuna ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin tsoro, wasu sun ɗauke shi hangen nesa, kuma har yau ba a gama wannan gardama ba a tsakanin dattawanmu. Abin da babu gardama a kansa shi ne bai yanke hulɗa da su ba, ya ci gaba da zama da su yana sauraro, kuma abin da ya ji a wancan zaure shi ne ya ɗauka ya kai Kaduna bayan shekara bakwai.

A 1945 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda. Da ya dawo a 1946 aka ɗora shi a kan sha'anin makarantun En'e, aka kuma shigar da shi majalisar Sarki. Da a yau ne da an ce kansila mai kula da ilimi. Aikin ya haɗa da zagaya makarantun elementare na ƙauyuka, duba malamai, rarrashin iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗaukar 'yan makaranta, da neman kason ilimi a kasafin baitulmali a gaban mutanen da da yawansu ba su ga amfanin boko ba. A wannan lokaci ne kuma tsarin mulkin Gwamna Richards ya kafa Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, wadda hukumomin En'e na kowane lardi ke tura wa wakilai. Bauchi ta tura Malam Abubakar, daga can kuma aka zaɓe shi zuwa majalisar dokoki ta ƙasa a 1947. Ga shi ma'aikacin En'e, ga shi ɗan majalisar Sarki, ga shi wakili a Kaduna da Legas, duk a lokaci guda.

Bai tsaya a majalisun hukuma kaɗai ba. Da Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, Malam Abubakar na cikin shugabanninta, ko da yake shi ne mai duba malamai a ƙasarsa, ita kuwa ƙungiyar an kafa ta ne don neman haƙƙin malaman. Haka nan ya shiga Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu da ci gaban jama'a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A watan Janairun 1950 yana cikin wakilan Arewa a babban taron Ibadan, inda Arewa ta tsaya kai da fata sai an ba ta rabin kujerun majalisar tarayya, kuma aka ba ta.

Babban abin da ya yi a wannan fage ya faru ne a watan Agustan 1950. Ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa ya gabatar da ƙuduri yana neman Gwamna ya kafa kwamiti mai zaman kansa wanda zai binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya, ya kawo shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani. Ya nuna cewa barin iko duka a hannun mutum ɗaya ba gado ne na Shehu Usmanu da almajiransa ba, Turawa ne suka ƙarfafa shi don sauƙin mulkinsu, domin a da Sarki ba ya yanke babban al'amari sai da majalisarsa. Ya yi magana a kan cin hanci da ya game ma'aikata manya da ƙanana, da kyaututtukan dole da ake tatsa daga talakawa, da hakiman da ake naɗawa ba tare da horo ba, da kuma yadda talaka bai san haƙƙinsa ba balle ya nema. Ya nemi a fayyace aikin kowa a rubuce, daga Sarki har dagaci, a horar da ma'aikata, a kuma ba jama'a bakin magana tun daga ƙauye.

Sai mutum ya tuna wane ne mai maganar sannan zai gane nauyinta. Kujerarsa ta Kaduna En'e ce ta ba shi, kuma da yawa daga waɗanda ke zaune tare da shi a majalisar waziran sarakuna ne da hakimai. Ba shi da gidan sarautar da zai fake a bayansa idan abin ya juye. Sarakuna da dama ba su ji daɗin jawabin ba, wasu Turawan lardi ma haka. Duk da haka ƙudurin ya wuce, kuma a ganinmu abin da ya sa ya wuce shi ne kowa ya san mai maganar ɗan ciki ne da ya san aikin, ba a iya cewa ɗan tawaye ne ko ɗan koren 'yan Kudu.

Gwamnati ba ta ba shi kwamiti mai zaman kansa kamar yadda ya nema ba. Jami'anta biyu ta naɗa, K. P. Maddocks da D. A. Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto, sannan kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Sarakuna da ta Wakilai ya duba shi. Daga nan aka yi dokar 1952 wadda ta kawo ƙarshen zaman Sarki shi kaɗai a matsayin En'e, aka mayar da ikon ga Sarki a cikin majalisarsa. Babbar Dokar En'e ta 1954 ta tattara gyare-gyaren wuri guda, a lokacin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya riga ya riƙe ma'aikatar da ke kula da hukumomin En'e. A waɗannan shekaru aka yawaita majalisun ƙauye da na gunduma da na gari, da abin da ake kira majalisar waje, inda wakilan gundumomi da 'yan kasuwa da sauran jama'a ke zuwa su faɗi ra'ayinsu ga En'e. Aka fara raba wa 'yan majalisa ma'aikatu, wannan ya riƙe ilimi, wancan lafiya, wancan ayyuka. Makarantar horar da akawuna da ke Kongo a Zariya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, inda aka riƙa tura ma'aji da magatakarda da hakimai su koyi aiki.

Gaskiya ita ce gyaran bai kai inda aka so ba. A manyan masarautu zaɓaɓɓun 'yan majalisa ba su rinjayi naɗaɗɗu ba, majalisar waje kuma shawara kawai take bayarwa. Da siyasar jam'iyyu ta yi zafi, an yi amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e a kan 'yan adawa, musamman 'yan NEPU, jam'iyyar tsohon abokin aikinsa Malam Aminu Kano. Tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964 na da alaƙa da yadda aka tafiyar da En'e a can. Duk wannan ya faru ne jam'iyyarsa na kan mulki a Kaduna, shi kuma yana Legas, kuma masu sukarsa na cewa mutumin da ya yi jawabin 1950 ya kamata a ji muryarsa fiye da yadda aka ji. Masu kare shi na cewa sha'anin En'e na gwamnatin jiha ne, kuma a jam'iyya shi mataimaki ne, Sardauna ne shugaba. Sai bayan rasuwarsa gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, waɗanda yanzu adadinsu ya kai 774, ashirin daga ciki a Jihar Bauchi.

Shi dai Malam Abubakar, daga 1952 aikinsa ya koma Legas. Ya zama Ministan Ayyuka, sannan Ministan Sufuri a 1954. A 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a manyan kogunan ƙasar, da nufin amfani da Neja da Binuwai. Ya dawo da canjin ra'ayi, domin shi da a baya yake shakkar ko Nijeriya za ta iya zama ƙasa ɗaya, ya ga yadda mutane masu asali dabam-dabam suka haɗu suka gina ƙasa guda. A 1957, shekarar da ya sauke farali, aka naɗa shi Firayim Minista, ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa da ta ƙunshi manyan jam'iyyu uku. A farkon 1960 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa, ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara kuma ya karɓi takardun 'yancin kai.

Aikin da ya fi taɓa lardinmu kai tsaye shi ne layin dogo. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rancensa na farko ga Nijeriya, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya bi ta Gombe ya kai Maiduguri a 1964, tafiyar kusan mil 400. Kafin nan gyaɗa da auduga da fatu sai an ɗora su a mota ta hanyoyin da damina ke yankewa. Dattawan da suka ga ranar da jirgin farko ya shigo tashar Bauchi suna nan ƙalilan, kuma yana da kyau rassanmu su nemi jin ta bakinsu a naɗe tun suna raye.

Ɗabi'ar nan tasa ta zama da maƙwabta a kan abin da aka yi tarayya a kai ta bi shi har zuwa harkokin waje. Yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963, inda ya goyi bayan a fara da haɗin gwiwa a kan ciniki da sufuri da sadarwa kafin a yi maganar gwamnati ɗaya. Ranar 22 ga Mayun 1964 ya haɗu da Ahmadu Ahidjo na Kamaru da Diori Hamani na Nijar da Tombalbaye na Chadi a birnin da ake kira Injamena yanzu, suka sa hannu a kan kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Wannan ya shafe mu, domin kogin Jama'are da ke ratsa ƙasarmu yana haɗuwa da na Haɗeja su zama kogin Yobe, su zuba a tafkin. A wannan shekara kuma aka kafa hukumar ƙasashen da kogin Neja ya ratsa, aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da rigingimu masu nauyi: rikicin Jihar Yamma na 1962 da dokar ta-ɓaci, gardamar ƙidayar jama'a, zaɓen tarayya na 1964, da zaɓen Yamma na Oktoban 1965 wanda ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Mutane da yawa, har da masu ƙaunarsa, sun ga cewa haƙurinsa da jiran abubuwa su lafa da kansu bai dace da wannan wuta ba. A cikin wannan hali ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas a kan matsalar Rodeshiya a watan Janairun 1966. Kwana kaɗan da watsewar taron, a daren 15 ga Janairu, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kawo ta Bauchi aka yi masa sutura. Yana da shekara 53.

Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba, sai gidansa na cikin gari da gonarsa, inda yakan je ya huta in ya samu hutu daga Legas. An gina hubbare a kan kabarinsa, aka buɗe shi a 1979, kuma a can ake ajiye wasu daga kayan da ya yi amfani da su. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. Jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Bauchi a 1980 an sa mata sunansa a 1988, haka ma babban dandalin da ke tsakiyar Legas inda aka yi bikin 'yancin kai. Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.